Darasin Wannan Wata: Sa Zuciya ga Alheri da Lafiyar Jiki

Manufa: Mu gane bambancin sa zuciya mai tura mutum ga aiki da rufe ido ga matsala.

Karatu: Nehemiya 4:7-18. Shugaban ƙungiya ya sa mutum ɗaya ya karanta darasin da ƙarfi, domin kowa ya ji.

Gabatarwa

'Yan'uwa, kowa ya san manoma iri biyu. Ruwa ya ɗauke bayan shuka, tsiro ya ƙone. Ɗaya ya ce, "Bana kam an gama," ya rataye fartanya. Ɗayan kuwa ya tafi neman iri mai saurin nuna, ya jira ruwa na gaba ya sake shuka. Fari ɗaya ne ya same su, amma abin da kowa ke tsammani a zuciyarsa ya bambanta. To, ko wannan tsammani yana taɓa lafiyar jiki kuma? Akwai wani malami a Amurka da ya yi shekaru da yawa yana bin wannan tambaya.

Mutumin da aikinsa

Sunansa Michael Scheier, masanin halayyar ɗan Adam. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Teksas a 1975, sa'an nan ya kama koyarwa a Jami'ar Carnegie Mellon ta birnin Pittsburgh. Yawancin aikinsa tare ya yi shi da abokin karatunsa, Charles Carver, na Jami'ar Miami, wanda ya rasu a 2019.

Ga tushen tunaninsu. Sa'ad da mutum ya gamu da cikas, yakan tsaya ya auna a ransa ko abin zai yiwu. In yana tsammanin zai yiwu, sai ya ƙara himma. In shakka ta rinjaye shi, sai ya saki. A 1985 suka shirya 'yar takardar tambayoyi ta auna ko mutum ya saba tsammanin alheri ko akasinsa. Suka fara gwada ta ga ɗalibai a makonni 4 na ƙarshen zangon karatu, lokacin da aiki ya fi matsa musu. Masu tsammanin alheri ba su yi kukan rashin jin daɗin jiki kamar sauran ba.

Abin da suka gani a asibiti

Abin da ɗalibi ya faɗa da bakinsa bai isa hujja ba, don haka suka nufi asibiti. A 1989 suka ba da rahoto a kan maza 51 da aka yi wa aikin zuciya, watau irin aikin da likita ke ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki, ya yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye wadda ta toshe. An yi musu tambayoyi ana gobe aikin, da bayan kamar mako ɗaya, da bayan wata 6. Masu tsammanin alheri sun riga sauran tashi zaune da takawa cikin ɗaki, sun kuma riga su koma wa harkokinsu na kullum.

Mene ne dalili? Nan ne darasinmu yake. Waɗannan mutane ba kwanciya suka yi suna cewa babu komai ba. Su ne suka fi neman bayani a kan abin da za su yi bayan aikin, suka fi yin shiri. Masu mummunan zato su ne suka fi musun halin da suke ciki.

A 1993 aka sake ganin haka ga mata 59 masu ciwon daji na nono, waɗanda aka bi har wata 12. Yawancinsu sun jingina ga addininsu. Amma waɗanda suka yarda cewa ciwon ya zo, har suna iya yin raha a kansa, damuwarsu ta fi sauƙi daga baya. Waɗanda suka ƙi yarda, ko suka fid da rai, damuwarsu ta fi nauyi. Ashe mai sa zuciya ya fi mai karaya iya duban gaskiya ido da ido.

Sanin lokacin saki

Ba kowane abu ne naci ke kawo shi ba. A 2003 Scheier da Carver da wani abokin aikinsu, Carsten Wrosch, suka nuna cewa mutumin da ya iya sakin burin da ba zai samu ba, ya kuma kama wani sabo, ya fi samun kwanciyar rai. Saki kaɗai ba tare da kama wani abu ba, rabin aiki ne.

Dattawanmu sun san wannan. A 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗa a Arewacin Nijeriya. Manoma da yawa suka juya ga wake da gero da dawa. Gyaɗar suka saki, ba noman ba. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Gargaɗi guda uku

1. Sa zuciya ba magani ba ne. Dukan waɗanda aka ambata a nan suna hannun likitoci. Mai tari na mako biyu, da yaro mai zazzaɓi, da mace mai ƙullutu a nono, asibiti za a kai su da wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

2. Kada a ɗora wa majiyyaci laifi. Binciken yana magana ne a kan taron mutane, ba mutum ɗaya ba, bambancin kuwa ba mai girma ba ne ƙwarai. Masu sa zuciya da yawa sun yi ciwo sun mutu. Kada kowa ya ce wa ɗan'uwa rashin bangaskiyarsa ne ya kwantar da shi.

3. Ba a ce mu tilasta wa kanmu murmushi ba. A 2021 Scheier da abokansa suka haɗa bayanan mutum fiye da 200,000, suka ga rashin mummunan zato ya fi yawan kyakkyawan zato alaƙa da lafiya. Watau babban aiki shi ne hana karaya yin saiwa.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Begen mai bi yana ga Ubangiji, ya kuwa fi abin da takardar tambayoyi za ta auna. Duk da haka ku dubi Nehemiya. Magabta sun ƙulla shiri, masu aikin garun Urushalima sun gaji, ga tarin ɓaraguzai. Bai ce babu hatsari ba, bai kuwa bar ginin ba. Suka yi addu'a, suka sa masu tsaro dare da rana, aiki ya ci gaba. Addu'a da shiri tare suke tafiya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wace matsala ce ƙungiyarmu ta sani, amma muna gudun maganarta? Bashin taki ne, ko ƙwari a rumbu, ko kuɗin asusu?
2. Yaya za mu bambanta haƙuri da sakaci?
3. Akwai aikin da muka nace masa shekara da shekaru ba riba? Me za mu kama a maimakonsa?
4. Wace irin magana ke fitowa daga bakinmu in mun je gaida marar lafiya?

Abin yi kafin taro na gaba

Magatakarda ya rubuta matsala ɗaya da aka zaɓa, da matakai 3, da sunan wanda zai ɗauki kowane mataki. A ware iri mai saurin nuna tun yanzu, domin sake shuka in ta kama. A kuma zaɓi mutum 2 su ziyarci ɗan ƙungiyar da ya daina zuwa taro saboda ciwo ko hasara. Kada su tsaya ga "Allah ya sawwaƙe" kaɗai. Su tambaye shi abu ɗaya da za a iya yi masa cikin makon nan, ko gayya a gonarsa, ko rakiya zuwa asibiti, su kawo wa ƙungiya amsa.

A rufe taro da addu'a domin marasa lafiya da waɗanda zuciyarsu ta karai.