Ciwon Ƙirji da Shaidar Takardar Zuciya

Allah Maɗaukakin Sarki, da ya halicci zuciyar ɗan Adam, ya sanya mata 'yar wutar lantarki a cikinta, wadda ke tasowa daga samanta ta ɓangaren dama ta gangara ƙasa, kuma ita ce ke ba zuciya umarnin kowane bugu, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya ga baligi mai lafiya idan yana hutawa. Na'urar ECG, wadda jama'a suka fi sani da gwajin zuciya, aikinta kawai ta ɗauki wannan wuta ta zana ta a takarda. Ba ta jan mutum, ba ta zuƙar jini, kuma tun 1924 aka ba Willem Einthoven na ƙasar Holan lambar Nobel saboda ita.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da nake ɗan Bulkachuwa kuma ma'aikacin jinya a ɗakin gaggawa, shi ne wata al'ada da ta zama ruwan dare a ƙasar Katagum, daga Azare har Chinade da Madara, wato duk wani zafi da ya tsaya tsakanin wuya da cibiya sai a yanke masa hukuncin olsa ko ƙwarnafi ba tare da hujja ba, alhali kuwa toshewar jijiyar da ke shayar da zuciya takan zo cikin wannan riga.

An taɓa kawo mana wani dattijo manomi daga wajenmu bayan sallar isha'i, cikin tsakiyar hunturu, amma gumi ya jiƙa masa taguwa, hannuwansa sun yi sanyi ƙalau. Ɗansa ya ce, "Malam, olsar Baba ce ta tashi tun azahar, mun ba shi farin maganin nan na kyamis bai ji sauƙi ba." Na ce, "Baba, ina yake muku ciwo?" Sai ya dunƙule hannu ya ɗora a tsakiyar ƙirji, ya ce kamar an aza masa buhun gero. Muka share gumin, muka manna wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, waɗanda ke leƙa zuciya ta fuskoki goma sha biyu. Da takardar ta fito, sai ga layin da muke kira ST, wanda ya kamata ya kwanta daidai bayan kowane tsinin bugu, ya ɗaga sama a fuskoki ukun da ke duban ƙasan zuciya. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma naman zuciyar da ya mutu tsakanin azahar da isha'i bai dawo ba, kuma fartanya ta gagare shi daga wannan shekarar.

Dalili kuwa shi ne, idan gudan jini ya toshe jijiyar, naman da ke bayanta yana mutuwa ne sa'a bayan sa'a, kuma maganin narkar da gudan, irin su streptokinase, ya fi amfani a sa'o'i biyu zuwa uku na farko, bayan sa'o'i 12 fa'idarsa kaɗan ce. Shi ya sa ƙa'idar masana ta ce a yi wa mai ciwon ƙirji wannan gwaji cikin minti 10 da isowarsa gaban ma'aikacin lafiya, kuma shi ya sa tun 1966 Dakta Frank Pantridge na birnin Belfas ya fara ɗora kayan ceton zuciya a motar asibiti domin a tarar da majinyaci a gidansa.

'Yan'uwana ma'aikatan ƙananan asibitoci, karatun takardar nan bai fi ƙarfinmu ba, muddin za mu bi ta da tartibi. A ƙirga manyan gidajen takardar da ke tsakanin tsini biyu, a raba 300 da adadinsu, an sami saurin bugu. A duba ko tazarar tana daidai ko ta rikice. Sannan a bi layin ST fuska bayan fuska. Tudun ƙarshe, wato T, idan ya yi tsawo da tsini, musamman ga mai ciwon ƙoda, to a ji tsoron gishirin potasiyam ya hau, wanda kan tsayar da zuciya farat ɗaya. Sai dai ina gargaɗi da babbar murya a kan abu biyu. Rubutun da na'ura ke bugawa a saman takarda ba fatawa ba ce, domin takan tsorata saurayi lafiyayye wanda layinsa ya ɗan ɗaga bisa halitta, takan kuma ruɗe da zuciyar mai hawan jini da ta yi kauri. Haka nan takarda mai kyau ba ta wanke mai ciwo. Matuƙar zafin bai tafi ba, wajibi ne a maimaita bayan minti 15 zuwa 30. Inda aka yi shakka, a shimfiɗa takardar a wuri mai haske, a ɗauki hotonta gaba ɗaya, a tura ta WhatsApp ga likita a babban asibitin tarayya da ke Azare, tare da shekarun majinyaci da awon jininsa da lokacin da ciwon ya fara, domin a shirya masa tun yana hanya.

Ku kuma iyayena da 'yan'uwana na gida, nauyi a ƙirji da ya wuce minti 15, ko ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, ko ya zo da gumi da amai da sarƙewar numfashi, ba na jiran wayewar gari ba ne. Tsofaffi da mata da masu ciwon suga ma sukan zo ba zafi, sai kasala da haki kurum. Kada majinyaci ya tuƙa babur da kansa, kuma da isa asibiti ku ce a yi masa gwajin zuciya. Ina roƙon ƙaramar hukumar Katagum da masu hannu da shuni na Bulkachuwa su tabbatar kowane asibitin gunduma yana da wannan na'ura, da takardarta, da batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta, da ma'aikacin da aka horar a kanta.