Koyon Sana'a a Agadas: Garake na Jiran Samari

Ƴan uwa ɗaliban yaƙi da jahilci, darasinmu na yau a kan samarin jihar Agadas ne, da hanyoyin da gwamnati ta buɗe domin su koyi sana'a.

Mu fara tuna abin da ya faru. A 2014 aka gano zinariya a Jado, samari suka yi tururuwa can. A 2017 hukuma ta rufe wurin. A 2015 kuma aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, direbobin hanyar Libiya da masu masauki da yawa suka rasa abin yi. A watan Maris na 2021 kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta yuraniyom a Akokan, kusa da Arlit. An soke waccan doka a Nuwamba 2023, amma gidaje da dama sun riga sun ji jiki.

Domin a tallafa wa waɗanda dokar ta shafa, a 2017 aka fara wani shiri mai suna PAIERA, da kuɗin Tarayyar Turai, ƙarƙashin hukumar ƙarfafa zaman lafiya, wato HACP. A lokacin, mutum zai rubuta sana'ar da yake so. Idan an amince, sai a ba shi kayan aiki na kimanin sefa miliyan ɗaya da rabi, ba kuɗi a hannu ba. An rubuta sunayen mutane fiye da dubu 6, amma a zagayen farko ƴan ɗaruruwa kawai suka samu. Sauran suka yi ta jira.

A ganinmu, bai kamata saurayi ya zauna jiran irin wannan rabo ba. Gara ya koyi aikin tukuna, tallafi ya tarar da shi a kai.

Ina ake koyo? Akwai cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, waɗanda ake kira CFM. Suna karɓar samari da ƴan mata da suka bar makaranta, suna koyar da ɗinki, kafinta, walda, aikin lantarki, gyaran inji, noma da kiwo. Akwai asusun FAFPA, mai tallafa wa koyon aiki a hannun gwanaye. Akwai kuma hukumar ANPE, wadda aka kafa a 1996, inda masu neman aiki ke yin rajista.

To, wace sana'a za a zaɓa? Mu dubi garakenmu. Tabelot ta shahara da albasa, Timia da lemu da rumman, dutsen Bagzam da dankalin turawa. Da can raƙumi ko sa ke jan ruwa daga rijiya, abin da Abzinawa ke kira tekarkart. Yau injin ban ruwa ya karɓi aikin a wurare da yawa, har da famfo mai aiki da hasken rana. Inji kuwa yana lalacewa. Idan ya tsaya ƴan kwanaki cikin zafi, albasa ta yi yaushi, wahalar watanni ta tafi a banza. Sau da yawa sai manomi ya ɗauki injin zuwa gari neman mai gyara, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Saurayin da ya iya canja mai, da wanke kaburata, da haɗa faifan hasken rana a ƙauyensu, ba zai rasa masu kiransa ba. Mun sha jin samari na cewa gyaran inji aikin datti ne. Sabulu yana wanke baƙin mai.

Ƴan mata ma suna da rabonsu: busar da tumatir cikin tsabta, da yin cuku mai kyau, duk ana koyonsu.

Wanda ya yi niyya, ya je ma'aikatar magajin gari ya tambayi lokacin ɗaukar ɗalibai. Ya tanadi takardar haihuwa tun da wuri. Ya kuma dage da zuwa ajin karatu, domin zai cika takarda, zai karanta lambar kayan gyara, zai rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi.

Tambayar aji: inji nawa ne ke kwance a garaken ƙauyenku, kuma wa ke gyara su?