"Drop": Ta Bata Daban, Ta Takardar Jarrabawa Daban

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ɗan gajeren aikatau ne na Turanci, wato "drop". Duk wanda ke bi ta Bata yana jin sa kullum. Nan ne mahaɗar Fagge da Sabon Gari, inda Bahaushe da Ibo da Bayarabe ke ciniki da Hausa da buroka da Turanci a haɗe. Sunan wurin ma aro ne, daga kamfanin takalman Bata da aka kafa a garin Zilin na ƙasar Cek a 1894. Matsalar ita ce, "drop" ɗin da ke kai mutum gida daga Bata shi ne kuma yake cinye masa maki a jarrabawar GNS.

Asalin ma'ana

Tushen kalmar daga ɗigon ruwa ne. Shi ya sa har yau ake ce wa maganin ɗigawa a ido "eye drops". Ɗigo kuwa sakin wurinsa yake yi ya yo ƙasa, kuma kusan duk sauran ma'anonin daga nan suka fito: abu ya faɗo, ko a sake shi.

"She dropped the plate": faranti ya suɓuce mata ya faɗi.
"The price of rice has dropped": farashin shinkafa ya sauka.
"The temperature drops in December": sanyi na ƙaruwa a Disamba, domin ma'aunin zafi ya yi ƙasa.

A kula da rubutu. Ana ninka harafin p: "dropped", "dropping". Wanda ya rubuta "droped" ya yi kuskure. Wanda ya ninka o maimakon p kuwa ya koma wata kalma, "droop", wato yaushi ko langaɓewa. Wajen furuci kuma "dropped" gaɓa ɗaya ce, ƙarshenta na fita kamar t.

Inda aka fi zamewa

Ka hau A Daidaita Sahu daga Kabuga, sai ka ji fasinja ya ce: "I will drop at Bata." Ɗan sahu ya gane, kowa ya gane. Amma a daidaitaccen Turanci ba fasinja ke "drop" ba, direba ne ke "drop" ɗin fasinja. Mu a Hausa muna da "sauka" da "sauke": ni na sauka, shi ya sauke ni. To "drop" da "sauke" kaɗai ya yi daidai, domin a wannan ma'ana aikatau ne so-karɓau, dole a faɗi wanda aka sauke.

Daidai: "Please drop me off at Bata."
Daidai: "I will get off at Bata", idan bas ne.
Daidai: "I got out of the car", idan ƙaramar mota ce.

Baturen Ingila da ya ji "I dropped at Bata" zai iya ɗauka yanke jiki ka yi ka faɗi a bakin titi.

Haka nan "drop" ɗin da ake cewa idan mutum ya ɗauki Sahu shi kaɗai: "Malam, drop ne ko haɗaka?" Wannan amfani namu ne na Najeriya. A rubutu sai ka ce "I hired a tricycle" ko "I chartered a taxi". Daga "charter" ɗin nan ne ma muka samo kalmarmu ta shata.

Sai na waya. "Drop the call" a bakinmu na nufin kashe waya, amma daidaitacce shi ne "hang up". Idan an ce "the call dropped", ba kowa ya kashe ba, sabis ne ya ɗauke.

Idan ya haɗu da 'yan rakiya

"Drop out": barin karatu kafin a kammala. Wanda ya bari shi ne "dropout". Wannan daban yake da "drop a course", wato ajiye kwas guda kana ci gaba da sauran. Don Allah a kiyaye wajen rubuta wa shugaban sashe wasiƙa, kada mai son ajiye kwas ɗaya ya rubuta cewa zai bar makaranta.

"Drop in" ko "drop by": leƙa mutum ba tare da sanarwa ba.
"Drop off": bayan saukewa, yana kuma nufin barci ya sace mutum. "He dropped off during the lecture" na nufin gyangyaɗi ya kwashe shi ana tsakiyar lacca.
"Drop it": bar maganar nan.
"Drop the charges": janye tuhuma.
"He was dropped from the team": an cire shi daga cikin 'yan wasa.

Sara da Turancin titi

"Oga, drop something" ba sai an fassara wa ɗan Kano ba: a saki wani abu, na goro ko na shan ruwa. "Drop your account number" kuma shi ne na masu rabon kuɗi a intanet. Idan mawaƙi ya ce zai "drop" sabuwar waƙa ranar Juma'a, fitar da ita zai yi. Wannan sara ce ta duniya baki ɗaya, ba tamu kaɗai ba. Akwai kuma "mic drop", sakin makirufo bayan mutum ya yi maganar da yake ganin babu mai iya mayar da martani. Barack Obama ya yi haka a liyafar 'yan jaridar Fadar White House a 2016. Amma a guji "drop dead", zagi ne mai zafi, kamar ka ce wa mutum ya je ya mutu.

Shin namu kuskure ne?

A'a, ba a Bata ba. Turancin Najeriya na da matsayinsa. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominmu 29, har da Kannywood da okada da danfo. Sai dai malamin da ke duba takardarka, da mai karanta rahotonka na SIWES, da wanda zai yi maka intabiyu, da daidaitaccen Turanci suke auna ka. Rigar zuwa kasuwa daban, ta zuwa ɗaurin aure daban.

Gwada kanka

Gyara waɗannan jimloli, ka nuna wa abokin karatunka:
1. I droped my ID card in the hall.
2. Driver, I want to drop here.
3. She took drop from Bata to Hotoro.
4. Don't drop the call, I am still talking.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.