Darasi: Funfuna Iri Biyu a Cikin Gida

Jama'a, in damina ta yi tsakiya, musamman a watan Agusta, ɗakunanmu kan yi laima. A lokacin ne funfuna ke fitowa. Funfuna wata ƙaramar halitta ce mai rai. Iska ce ke yawo da irinta. In ta sami danshi da ɗumi da wurin da iska ba ta ratsawa, sai ta tsiro. Wadda muke gani a gida iri biyu ce, kuma ya kamata kowa ya san bambancinsu.

Ta Farko: Mai Kwanciya a Sama

Wannan fara ce ko ruwan toka, kamar an barbaɗa gari. Tana fitowa a kan takalmin fata, da sirdi, da buzu, da gafaka, da tabarma, da tufafin da aka ninke da danshi. Tana da wari irin na rufaffen ɗaki. In an goge ta da tsumma, sai ta fita.

Maganinta mai sauƙi ne. A fitar da kayan waje, a karkaɗe, a wanke da sabulu in na wankewa ne, a shanya a rana. Kada a karkaɗe a cikin ɗaki, domin ƙurarta na sa atishawa da tari, kuma tana tayar wa mai asma ciwonsa.

Ta Biyu: Mai Shiga Ciki

Wannan takan zama kore, ko baƙa, ko ruwan ɗorawa, da gashi-gashi kamar auduga. Tana kama gyaɗa, da masara, da gero, da riɗi, da ɗumamen tuwon da ya daɗe. Tana kafa saiwa a cikin abin da ta kama. Ko an goge sama, cikin ya riga ya lalace.

Wani irinta na haifar da dafi mai suna afalatoksin. Ba a ganinsa da ido, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe shi. Yana lalata hanta, yana jawo ciwon dajin hanta, yana kuma hana yara girma. A shekarar 1960 talotalo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa mai wannan dafi. A shekarar 2004 mutum 125 sun rasu a ƙasar Kenya bayan sun ci masara mai funfuna.

Abin da Za Mu Yi

1. A busar da amfanin gona sosai a kan tabarma ko leda, kada a zuba a ƙasa.
2. A girgiza gyaɗa kafin a ɗura. In ƙwayar na kaɗawa a cikin ɓawo, ta bushe.
3. A ɗora buhuna a kan itatuwa, nesa da bango.
4. A gyara jinkar rumbu kafin ruwa ya sauka.
5. A tsince ƙwayar da ta canza launi ko ta motse, a binne ta.
6. Kada a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada a ba kaji ko shanu. Dafin na bi ta nonon saniya.

Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar da ya kai busasshen riɗi mai tsabta kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi ne zai sami farashi mai kyau. Uwargida a Gumel kuma ta riƙe wannan ƙa'ida: funfunar kan kaya a goge a shanya, funfunar kan abinci kowane launi ce a zubar. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wace funfuna ce ake gogewa ta fita?
2. Me ya sa ba a dafa gyaɗa mai funfuna a ci?
3. Ta yaya ake gane gyaɗa ta bushe?