Ƙarshen Agusta a lambun haɗaka: cutar da ba ta jiran mai kunya

A Ingila ƙananan hukumomi na ba mazauna gari hayar fili su noma abin da za su ci a gidajensu. Tun dokar 1908 aka ɗora musu wannan nauyi, kuma cikakken fili ɗaya yakan kai murabba'in mita 250. Ya yi wa mai aikin albashi yawa, ga layin jira da kan ɗauki shekaru, shi ya sa gida uku ko huɗu kan haɗu su riƙe fili ɗaya da sanin masu kula da wurin. Aikina a Bamingham shi ne koya wa sababbin shiga yadda ake tafiyar da irin wannan lambu, cikinsu har da 'yan uwanmu daga Najeriya da Nijar da Gana. Watan da na fi jin tsoro a kansu shi ne Agusta.

A watan Mayu kowa na da zafin nama, har rige-rigen ban ruwa ake yi. Da an rufe makarantu a ƙarshen Yuli sai a watse: wannan ya tafi ganin gida, wancan na fama da yara, kowa na zaton ɗan uwansa ya leƙa. Tumatir ya kwana huɗu da ƙishi, ranar Asabar a zo a cika shi da ruwa. Sai ka ga 'ya'yan sun tsattsage, ko gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Wannan baƙin ba ya yaɗuwa. Sinadarin kalsiyam ne ya kasa isa ga ɗan tumatir, domin ruwa ke ɗauko shi daga ƙasa, kuma ruwan ya yanke. Maganinsa jadawali ne mai ɗauke da sunan mutum da ranarsa, a zuba ruwan a gindin shuka da safe, ya ratsa sosai.

Babbar damuwata ita ce cutar ƙunar ganye ta dankalin Turawa da tumatir, wadda masana ke kiran ƙwayar da ke kawo ta Phytophthora infestans. Ita ce ta faɗa wa dankalin ƙasar Ayilan a 1845, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya. Iska ce ke ɗaukar ƙwayoyinta, ɗumi da laima ke raya ta. Ma'aunin da manoman Birtaniya ke bi ya ce in aka yi kwana biyu a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma laimar iska ta kai kashi 90 cikin ɗari na aƙalla awa shida a kowace rana, to a yi shiri. Ƙarshen Agusta a nan ya cika kawo irin waɗannan ranaku. Mu da muka taso muna ganin tumatir na araha da rani, yana tsada da damina, mun san laima ba ta yi masa daɗi.

Ka juya ganyen ka duba. Tabo ne ruwan ƙasa, jiƙaƙƙe, yawanci daga baki-baki yake farawa, a bayan ganyen kuma akwai farin gashi-gashi siriri idan safiya ta yi raɓa. Daga nan sai baƙin tabo a jikin kara, sai ɗan tumatir ya yi wani ja-baƙi mai tauri kafin ya ruɓe. Cikin 'yan kwanaki layi guda ya tafi. A yanzu babu maganin feshi da aka amince mai ƙaramin lambu ya saya don wannan cuta a Birtaniya. Wuƙa da buhu kawai ke gare mu, da saurin hannu.

A nan ne kara ke cutar da mu. Mutum ya ga tabon da idonsa a layin wata baiwar Allah, ya ce ai shukar Hajiya ce, kuma ta yi tafiya, a bari ta dawo. Ina girmama wannan ɗabi'a, ita ce ke riƙe da zumuncin lambun. Amma kafin Hajiya ta sauka daga jirgi, nata ya ƙare, naka ya kamu, na maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ma ya kamu. Don haka nake roƙon kowace ƙungiya ta yi wannan magana tun ranar shuka, kowa ya furta da bakinsa: duk wanda ya ga cutar ya ɗauki hoto ya tura zauren WhatsApp, ya yanke a ranar, ko shukar waye, kuma babu fushi.

Yankan ma da ƙa'idarsa. Dankali, a sare ganyen har ƙasa, a kwashe tas, a bar 'ya'yan cikin ƙasa mako biyu kafin a tona, don fatarsu ta yi ƙwari, ƙwayoyin cutar da ke sama kuma su mutu. In an tona, kada a bar ko ƙarami ɗaya a ƙasa, domin a jikinsa cutar ke kwana har baɗi. Tumatir kuwa, a tsinke ɗanyun da ba su da tabo a kai gida su nuna, ana dubawa kullum. Ganyen da ya kamu kada ya shiga tulin takin da kowa ke ɗiba. A ɗaure a buhu a kai kwandon shara na ciyayi na ƙaramar hukuma, ko a binne da zurfi, tunda wurare da yawa sun hana cinna wuta a wannan lokaci.

Wanda nasa ke lafiya ya katse kan tumatirinsa yanzu, furen da ya fito a ƙarshen Agusta ba zai nuna kafin sanyi ba. Mai alayyafo ya bar gindi biyu su yi iri kafin jaura ta sauko. Idan kuma kun zauna lissafin irin baɗi, ku nemi dankali Sarpo Mira da tumatir Crimson Crush, dukansu suna da juriyar wannan cuta, ku kuma ba da tazara tsakanin shuka yadda iska za ta busar da ganye bayan ruwa.