Maganin Saniya a Ƙwaryar Nono

Ya kai mai karatu, ka sani allurar da aka yi wa saniya ba ta barin jikinta rana ɗaya. In makiyayi ya yi mata teramaisin ko fenisilin yau, ya tatse ta gobe, to akwai sauran magani a madarar. Haka naman wadda aka yi gaggawar miƙa wa mahauci don kada ta mutu a hannu. Mai nono kan ga alama: madara ta ƙi yin barci, kindirmo bai kama ba, domin maganin ya kashe ƙwayoyin da ke tsamar da ita. Tafasawa ba ta raba ta da shi duka. Wanda jininsa bai karɓi fenisilin ba yana iya yin borin jini, ƙwayoyin cuta kuma su saba da magani har ya daina yi musu komai.

Saboda haka hukumar Codex, wadda hukumomin abinci da lafiya na duniya, FAO da WHO, suka kafa a 1963, ta yanka iyaka: fenisilin kada ya wuce kashi 4 cikin biliyan a madara. Wane ido zai ga wannan?

Ga dabarar masana. Jinin dabba yana ƙera wasu 'yan dakaru, kowane da abokin gabarsa guda, ba ya kama kowa sai shi. Sai a haɗa maganin da wani furotin a yi wa zomo allura, jikinsa ya ƙera dakarun da suka san wannan magani, a ɗebo su a yi aikin gwaji da su. Wata hanyar, mai suna ELISA, a Suwidin aka fito da ita a 1971, kuma tana bukatar ɗakin gwaji. Mai sauƙin ita ce 'yar tsinken takarda irin ta gwajin zazzaɓin cizon sauro. A tsoma ta a madara, ko a ruwan da aka tace daga nama, a jira 'yan mintoci.

Amma a kula, karatunta a juye yake. A gwajin zazzaɓi, layi ya fito, akwai cuta. A nan kuwa, in layin gwaji ya fito rangaɗaɗau, madara lafiya lau take. In ya dushe ko ya ɓace, magani ne ya riga ya tare dakarun. Irin wannan madara a ware ta, a aika da samfuri babban ɗakin gwaji su tabbatar, makiyayi kuma ya duba jikin kwalbar maganin, ya ƙirga kwanakin jira da aka rubuta kafin ya sake tatsa don sayarwa.