Darasin Uwargida: Noman Ƙatuwar Kabewa Da Gasar Zumunci

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu bayan ɗaki ne, wurin nan da muke jibge tsofaffin kwanuka da karyayyun kujeru. Uwargida, duk wadda ke riƙe da kuɗin cefane ta san yadda ɗan yankan kabewa ya koma a kasuwa, alhali iyayenmu ba su san sayenta ba. Ƙwaya uku suke jefawa gindin danga, kaka na yi a ci, a kai wa maƙwabta. Mu kuwa mun shafe tsakar gida da siminti, 'ya'yanmu sun tashi ba su san furen kabewa ba. To ga wata hanya mai daɗi ta dawo da wannan al'ada: mu yi gasa a tsakaninmu, a ga wadda za ta fitar da kabewa mafi girma.

Inda abin ya samo asali

A ƙasashen Amurka, Kanada da Turai, gasar ƙatuwar kabewa babban biki ne da ake yi lokacin kaka. Wani manomi mai suna Howard Dill, a garin Windsor na lardin Nova Scotia a Kanada, ya shafe shekaru yana zaɓen iri daga mafi girman kabewarsa, har ya fitar da irin da ake kira Atlantic Giant. Daga zuriyar wannan iri zakarun gasar ke fitowa. A 2012 Ron Wallace na Amurka ya auna kabewa mai kilo 911. A 2021 Stefano Cutrupi na Italiya ya kai kilo 1,226, sannan a 2023 Travis Gienger na Amurka ya kawo mai kilo 1,247. Ki ƙiyasta da buhun shinkafa mai kilo 50, kusan buhu 25 ke nan a kabewa guda!

Sai dai kada ki ce sai kin nemo wancan iri. Ba ya jure zafi irin namu, yana cin fili mai yawa, kuma namansa ruwa-ruwa ne, ba ya daɗin miya. Kabewarmu ta gida ta saba da ƙasarmu, ta fi garɗi. Abin da za mu ara daga wurinsu shi ne dabarar reno, domin ita ce ke sa kabewa ta fi 'yar'uwarta.

Mu kuma muna da namu dalilin son wannan tsiro. Ya zo a Bukhari da Muslim daga Anas ɗan Malik (RA) cewa wani tela ya gayyaci Manzon Allah (SAW) cin abinci, sai Anas ya ga yana bin gefen akushi yana tsintar yankan dubba'u, wato dangin kabewa da duma. Tun daga ranar Anas bai daina sonta ba. Ga kuma amfani ga jiki: jan naman nan nata yana ba da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jikin yara.

Matakan reno

1. Zaɓen iri. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Nemi iri daga ƙatuwar kabewar da ta nuna sosai. Zaɓi 'ya'ya masu ƙiba, ki watsar da shafaffu marasa ciki. A wanke, a shanya a inuwa, a adana cikin toka a busasshen wuri.

2. Gyaran wuri. Kabewa na son rana, aƙalla awa 6 a yini, ba ta son inda ruwa ke kwanciya. Haƙa rami mai zurfin kamu guda da faɗin kamu biyu, ki cakuɗa ƙasar da takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, a kiyaye. Ki ɗan tayar da wurin ya zama tudu. Kafin komai a yi shinge, don akuya da kaji ba su san gasa ba.

3. Shuka. Jira sai damina ta zauna. Jiƙa irin na 'yan awoyi, ki shuka ƙwaya 3 a zurfin gaɓar yatsa. Cikin kwana 5 zuwa 10 za su tsiro. Idan sun yi ganye uku ko huɗu, bar mafi ƙarfi, ki datse sauran da almakashi. Kada ki tuge, za ki girgiza saiwar wadda kika bari.

4. Jan yaɗo. Kada ki bar ta ta hau danga ko rufin ɗaki, ƙatuwar kabewa a ƙasa take zama. Yayin da take yaɗo, ki riƙa rufe gaɓoɓin da 'yar ƙasa. Kowace gaɓa za ta fitar da sabuwar saiwa, kin ga bakin cin abinci ya ƙaru ke nan.

5. Ban ruwa. Idan ruwan sama ya ɗauke kwana biyu, ki ba ta a gindi da safe, kada ki watsa a ganye. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa, a tara a bokiti maimakon a zubar a rariya. Ban da ruwan sabulu ko na omo. A lura, ƙishi mai tsawo sannan ruwa mai yawa lokaci guda shi ke sa kabewa ta tsage.

6. Barbara. A nan da yawa ke karaya. Za ki ga furanni suna fitowa suna zubewa, ki ɗauka shukar ta lalace. A'a, mazan furanni ne ke fara fitowa. Macen fure ita ce mai ɗan ƙulli kamar ƙwallo a ƙarƙashinta, kuma safiya ɗaya tak take buɗewa. Ƙudan zuma ne ke kai mata garin namijin. Idan babu su a unguwarku, da hantsi bai yi ba ki tsinko namijin fure, ki cire ganyen furen, ki goga tsinken tsakiyar a cikin macen a hankali.

7. Zaɓen 'ya guda. Wannan shi ne babban sirrin, kuma shi ya fi wuya a zuciya. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Idan 'ya'ya biyu ko uku sun kama, sun kai girman kan jariri, zaɓi mafi saurin girma wadda ke kan uwar yaɗo, nesa da gindi kamar taku huɗu, ki cire sauran. Duk abincin da ganye ke haɗawa sai ya tafi wuri guda. Mai son na miya da yawa sai ta shuka gindi na biyu daban.

8. Shimfiɗa da inuwa. Sa yashi ko katako a ƙarƙashinta tun tana ƙarama don kada damshi ya ruɓar da ita. Ki lulluɓa mata tsohon zane mara nauyi. Rana na sa fatar ta yi tauri da wuri, ta hana ta buɗewa, zanen kuma yana kare ta daga ƙudan da ke sokar 'ya'ya ya sa musu tsutsa.

9. Ƙwari da cuta. Jajayen ƙwarin da ke huda ganye a tsince su da hannu da sassafe, aikin yara ne wannan. Ganyen da ya yi fari kamar an barbaɗa toka a cire shi a kai nesa. Ana jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, a tace a yayyafa da yamma, lokacin da ƙudan zuma suka tafi.

10. Girbi. Daga wata 3 zuwa 4 take nuna. Alamarta, mariƙin ya bushe, farce kuma ba ya shiga fatar. Yanke da mariƙi mai tsawon yatsa, kada a ɗauke ta da shi. Wadda mariƙinta ya fita ba ta daɗewa.

Yadda za a tsara gasar

A taron reshe ko na Islamiyya a tsayar da makon shuka da ranar awo. Kowa ta shawarci maigida tun farko, musamman mai gidan haya ko gidan yawa, kada yaɗon kabewa ya zama sanadin faɗa da kishiya ko faccala. Wadda ba ta da fili ta haɗa hannu da mai shi. Ranar awo a aro sikeli wurin mai sayar da hatsi, in bai samu ba tef ɗin tela ya wadatar, a auna kewayen cikinta.

Abu biyu za a kiyaye. Na farko, kada masu gasa su tara kuɗi a ce wadda ta ci ta kwashe, wannan ya shiga caca. Kyauta ta fito daga asusun ƙungiya ko wani mai son alheri, ko da turmin atamfa ne ko butar ban ruwa. Na biyu, sharaɗi ne wadda ta yi nasara ta raba wa kowa irin kabewarta, ta kuma faɗi yadda ta yi. Da haka baɗi kowa ta fara da iri mai kyau, hassada ba ta samu wurin zama ba. Haka Howard Dill ya yi ta zaɓe shekara bayan shekara, sannu ba ta hana zuwa.

Bayan awo kuwa sai a ɗora tukunya. A yi miyar taushe da gyaɗa da yakuwa, a ci da tuwon shinkafa ko waina, a aika wa marayu da zawarawan unguwa rabonsu. 'Ya'yan da ba a ajiye don iri ba a soya wa yara. Kin ga wadda tata ta zo ta ƙarshe ma ba ta yi asara ba, ta samu miya, ta samu lada.

Aikin gida: kafin fitowa ta gaba, kowace 'yar'uwa ta zaga gidanta ta gano wurin da rana ta fi daɗewa, ta fara tara taki, ta kuma tambayi wata tsohuwa a danginta yadda suke adana iri. Allah Ya sa albarka a abin da za mu shuka, Ya ba mu damina mai albarka, amin.